Kawo-mu-gani Ta Rufe Jan Bironta

Kowace safiya, kafin injinan maɗaba'ar su fara ruri, tana zaune a lungun taga da jan biro a hannu, fuskarta kamar ta wadda aka yi wa ƙarya jiya, tana jiran ta yau. Aikinta shi ne duba Turancin takardun da ake manna wa kwalabe da kwalaye kafin a buga su: wane suna ne ya cancanci babban baƙi, wane ne kawai yake neman girma. Mai sabulu yakan so a rubuta har kalmar sabulu da babban baƙi, kamar sunan ƙasa. Sai ta ce, "Sunan kamfaninka na yarda. Sabulu kuwa sabulu ne, ko na gidan wa."

Ma'aikata suna kiranta Kawo-mu-gani, amma a bayan idonta. Ba ta sa hannu a kan sunan kaya sai ta riƙe kayan, domin kowane kamfani da yadda yake rubuta sunansa, ita kuma ba ta yarda da hoton waya ba. Ba ta yarda da manaja ba. Ina jin ko agogon bango sai ta gwada shi da na hannunta.

Mai tuƙa inji ne ya ba ni labarin ranar da ƙaninta ya shigo da babban aiki: takardun maganin zazzaɓin yara, ɗauke da sunan wani sanannen kamfani.

"Kawo kwalbar," in ji ta.

"Haba Yaya, ni ne fa. Nono ɗaya muka sha."

"Shi ya sa na san ka. Kwalba."

Washegari ya kawo. Tsirara take, ba takarda a jikinta, murfinta yana rawa. Ta shinshina, ta dube shi.

"A ina aka ɗura wannan?"

"Kamfanin ne ya ba ni wakilci."

"Duk girman kamfanin nan ya rasa mai buga masa suna sai kai, da bara takalma kake sayarwa?"

Manaja ya fito, ƙamshin ciniki ya riga ya cika masa hanci. "Hajiya, ke baƙi aka ɗauke ki dubawa. Babba ne ko ƙarami? Iyakarki ke nan."

"Babba ne, ranka ya daɗe. Sai dai sunan ba nasa ba ne."

Ta rufe bironta. Mai inji kuwa ba ya kunna komai sai ya ga jan sa hannun nan. Aikin ya fita ta ƙofar da ya shigo. Teburinta ya tashi daga taga ya koma bakin banɗaki, wai gyaran ofis ake yi. Ƙanin ya daina gaishe ta, ya ce wa dangi baƙin ciki take masa, wasu kuma suka yarda, don ya fi sauƙin yarda. Ba zan ce ta ceci yaran duniya ba. Maɗaba'u suna da yawa, kuma ba kowacce ke da Yaya ba.

Hajiya, ke ce mai zargin da ba ta taɓa neman a so ta ba. Mun gode. Ku kuma da ake biya don ku sa hannu, ku riƙa dubawa kafin ku sa, ko da wanda ya kawo takardar ɗakinku ɗaya.

A makon jiya aka yi mata taron ajiye aiki. Manaja ya yi dogon jawabi kan gaskiya da riƙon amana, ita kuma tana ta kallon bakinsa kamar tana neman inda za ta ja layi. Ƙanin bai zo ba. Matarsa ce ta zo, ta zauna can baya, har sai da aka watse. Sannan ta matso, ta zaro kwalbar magani daga jaka.

"Yaya, duba min wannan kafin in ba auta."

"Wa ya sayo?"

"Shi."

"To," in ji Hajiya, "bari in sa tabarau."