Yinin da Kafaɗata Ta Yi Shiru

A shekarun da kuɗin man fetur suka shigo, ina koyarwa a wata firamare a Tambuwal, har na sayi sabon babur. Wata Asabar a hanyar Kebbe yashi ya kwashe tayar gaba, na faɗi a kan kafaɗar dama. Mai ɗori ya ɗora ta sau biyu, ba ta kama ba. Wata bakwai ina fama da zogi, na koma riƙe alli da hagu, ɗalibai suna kasa karanta rubutuna.

Daga ƙarshe yayana ya kai ni asibiti a Sakkwato, aka ce sai an yi aiki. Likita ya lalubi gefen wuyana, ya soka allura. Ba a jima ba hannun ya yi nauyi kamar ba nawa ba, zogin ya ɗauke ɗif. Idona biyu aka yi aikin, ina jin ƙarar ƙarafa kawai. Da aka gama sai hawaye suka zubo mini, domin na manta yadda lafiya take.

Na ce, "Likita, don Allah ka bar min shi hakanga."

Ya ce, "Malam, jijiyar barci kawai ta yi. Gobe za ta farka."

Ta kuwa farka. Wurin yankan ya warke, amma zogin bai tafi ba, hannun kuma bai sake wuce ƙirjina ba. Aka cire ni daga aji, aka ajiye ni a ofis. Har yau in na zo kabbara, na hagu ne kawai yake kaiwa kunne.