Shekarar da Addu'a Ta Bushe a Bakina

Ni ɗiyar ƙauye ce, daga wani ɗan gari kusa da Hawandawaki, inda gidajen Kirista ba su cika yatsun hannu guda ba. Tun ina ƙarama na iya roƙon Allah. Na roƙa a sa ni lakwal, wato makarantar boko, aka sa ni. Na roƙa in ci jarrabawa, na ci, har na zama ungozoma a gidan likita na Mayahi. Na roƙi miji mai hankali, na samu ma'aikacin biron noma, wato ofishin aikin gona, mutum marar hayaniya. Abu guda ya jinkirta, haihuwa. Na yi shekaru ina karɓar ƴaƴan mutane da hannuna, in wanke su, in miƙa wa uwayensu, in koma gida in durƙusa ina kuka. Ban taɓa kusantar Ubangiji kamar a shekarun nan ba. Daga baya ya ba ni namiji, ya bi shi da mace.

Sai na wayi gari ba ni da abin ce masa.

Wannan ya zo daidai da fari na biyu, wanda aka yi sojoji na kan mulki. Damina ta yaudare mu, hatsi ya bushe tun bai fid da kai ba. Makiyaya suka gangaro daga arewa, shanunsu na faɗuwa a bakin hanya. Ranar da kamyon taimako, babbar motar hatsi, ya iso, kwamandan gari da kansa yake tsayawa cikin kakinsa ana auna wa mutane jar dawa. Mu kuwa albashi bai tsaya ba. Akwai buhu a ɗaki, yarana suna ci suna ragewa, mijina ya sayi mobilet, ɗan ƙaramin babur. Duk wanda ya dube ni ya san Allah ya yi mini gata.

Ran Lahadi muna taruwa a zauren wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, mu ƴan kaɗan, yawanci ma'aikatan da aka turo daga wasu garuruwa. Ni ke ɗaga waƙa. Muryata tana fita daidai, amma ni kamar ina waje ina sauraren wata. In na rufe ido don addu'a, sai in tarar ina tunanin itacen girki. Ba baƙin ciki ba ne, ba kuma na daina ba da gaskiya ba. Cikina ne kawai ya zama kamar rumbun da aka share.

Wata safiya na gaya wa mijina, yana ɗaure takardunsa a bayan mobilet. Ya tsaya ya dube ni.

"Gajiya ce," in ji shi. "Aiki ya yi miki yawa."

"Ba gajiya ba ce."

"To mi kika rasa? Leƙa waje ki gani, mata na tonon gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi. Kada Allah ya ji ki."

Da kyakkyawar zuciya ya faɗa, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai daga ranar na ƙara kunya a kan abin da ke damuna, na rufe bakina.

Da rani ya yi nisa na samu hutu, na ɗauki rabin buhu zan kai wa gwaggona, yayar babana, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar uwata. Ita ce mace ta farko da ta bi Almasihu a garinmu, ta kuma sha wuya a kan haka. Na shiga motar kasuwa zuwa Tasawa, daga can na hau amalanke, jaki na jan mu cikin rairayi. Na tarar gari ya kusa watsewa. Maza sun tafi Najeriya ta daji, don an rufe iyaka. Gidaje da yawa an toshe ƙofarsu da ƙaya.

Gwaggo ta tsufa, idanunta sun yi fari, sai ta shafa fuskar mutum take gane shi. Ta shafa tawa ta ce, "Kin yi ƙiba, ɗiyata, amma muryarki ta rame."

Na yi dariya na kau da zancen. Kashegari ta ce in tsefe mata kai. Tana zaune tsakanin ƙafafuna, ta ba ni baya, ina warware furfurarta. Ina jin don ba ta kallona ne na samu ƙarfin faɗa. Na zayyana mata duka, har da abin da mijina ya ce. Na jira ta yi mini faɗa a kan rashin godiya.

"Ni ma na yi shi," ta ce. "Bayan mutuwar mai gidana. Na daɗe ina addu'a kamar mai magana da bango."

"Ke, Gwaggo?"

"Ni. Ja a hankali, kina cire mini gashi."

"To yaya kika yi?"

"Na daina yi wa Ubangiji ƙarya. In na zauna sai in ce, ga ni, ban ji komai ba, amma na zo."

Ba ta ƙara ba, don lokacin aka yi sallama. Wata tsohuwar Bafillata ce, doguwa, siririya, da tasbaha a wuyan hannu. Na san ta tun ina yarinya, ita ke kawo wa Gwaggo nono kowace safiya. A farin nan shanun gidansu sun ƙare kakaf. Ta shigo hannu wofi, suka gaisa, ta zauna a bakin tabarma. Na ɗauka roƙo ya kawo ta, na tashi zan auna mata dawa, Gwaggo ta riƙe mini zane. Suka zauna. Ɗaya tana jan tasbaharta, ɗaya tana gunjin waƙar sujada can ƙasan maƙogwaro. Da inuwa ta janye daga tabarmar, baƙuwar ta miƙe ta ce sai gobe.

"Kullum haka take yi," in ji Gwaggo. "Da tana kawo nono, ina cewa ciniki ya haɗa mu. Yanzu ba ta da abin kawowa, ba ta kuma tambayata komai, amma tana zuwa. Sai bana na san ina da ƙawa." Sannan ta ce, "Ke tun kina ƙarama da buƙata kike zuwa wurin Ubangiji. Ya biya miki duka. Yanzu kin tsaya a ƙofa kina jin kunya don ba ki zo da saƙo ba. Shiga ki zauna mana."

Da yamma ta sa na kai dawar har rugar matar, in ce daga hannun Gwaggo ta fito.

Ba zan ce na koma Mayahi na warke ba. Na dai fara tashi kafin yara, in zauna a kan turmi a tsakar gida, in faɗi abin da Gwaggo ta koya mini. Makonni suka wuce ban ji wani canji ba, sai dai kunyar ta ragu.

Gwaggo ba ta ga damina ba. Da saƙo ya iso muka tafi ni da mijina a kan mobilet. Mazan Kirista duk suna Najeriya, sai tsofaffin Musulmi maƙwabtanta suka haƙa kabarin, da ɗan ƙarfin da yunwa ta bar musu. Suka gama, suka ja gefe suka tsaya, suna jira mu yi namu. Mijina ya karanta Maganar Allah, ya juyo ya ce in ɗaga waƙa. Na buɗe baki, na yi layi guda, murya ta karye. Kalmomin da na daɗe ina rerawa a zaure, ranar na ji da ni suke. Na kasa ci gaba, mijina ya ƙarasa shi kaɗai, shi da bai iya waƙa ba.

A hanyar komawa mobilet ta nutse cikin rairayi, muka sauka muna turawa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Abin da kika gaya mini kwanakin baya, ban amsa miki da kyau ba. Ni ma ina jin shi wani lokaci. Tsoron faɗa nake."

Yanzu na tsufa, na bar aiki. Wannan bushewa ta sake ziyartata, ba sau ɗaya ba, har a lokutan da gida ke cike da jikoki. Ba ta ba ni tsoro kamar da. Kwanan baya wata matashiya a majami'armu, mai aiki mai kyau da yara lafiyayyu, ta tsaya bayan an tashi, tana ta murza gefen mayafinta. Ta ce, "Mama, akwai abin da nake son faɗa, amma za ki ce ban da godiya." Na janyo benci na ce ta zauna, ba sauri nake ba.