Fegin da Aka Hana Nomewa

Babu-Haki muke ce masa, kuma ba a banza ya sami sunan ba. Tun muna makarantar mishan, in aka raba mana lambu, nasa malamin gona yake kai mu mu gani kafin ya zane mu. Karatu bai karɓe shi ba, amma fartanya ta karɓe shi. Da muka girma sai muka sake haɗuwa a wata gonar bincike, ni ina kula da sito, shi kuma shugaban lebura.

A lokacin gonar tana da tsari. Ana kafa turaku, a ja igiya, a yi shuka a bisa igiyar. Ana wanke famfon feshi a kife shi kafin a tashi. Babu-Haki yana zagayawa da hannu a baya, in ya hango tsiron ƙarangiya ɗaya sai ya kira mai wurin ya tambaye shi ko ajiya ya yi. Ba shi da sha'awar komai a duniya, ba rediyo, ba hira a bakin titi. Sunan nan shi ne rigarsa, shi ne hularsa.

Sai aka kawo wata matashiya, muna kiranta Malama, tana binciken maganin ciyawa a gonar masara don digirinta. Ta yanka fili fegi-fegi. Wannan a fesa masa magani kafin masara ta tsiro, wancan bayan ta tsiro, wani a nome shi da hannu. Ɗaya kuwa ta ce kada a taɓa shi, ba feshi ba noma, domin da shi za a auna amfanin sauran. Ta yi wa Babu-Haki bayani tiryan-tiryan a ƙofar sitona.

"Baba, ka gane ko?"

"Na gane, 'yata. A bar ciyawa ta ci masara muna kallo."

"Yawwa."

"Allah ya kyauta," in ji shi.

Tsautsayi ya sa fegin ya faɗo a bakin wayar shingen gonar, daidai titi. Da ruwa ya zauna, harƙiya da tofa da ƙarangiya suka taso suka shaƙe masarar, ta yi rawaya, ta tsumbure. Ga shi kuma ƙanin matar Babu-Haki direban babbar mota ne, mai bakin tsiya, kullum ta nan yake bi. Sai ya rage gudu, ya leƙo ta taga.

"Mijin yaya! Ashe kiwo kuka koma? In kawo awakina?"

"Wuce, ɗan banza, aikin ilimi ne."

"Ilimi? To in gaya wa yaya ta daina ce maka Babu-Haki, kada Allah ya kama ta da ƙarya."

Leburori su kwashe da dariya. Shi kuwa sai ya juya wa titi baya.

Abin da ya yi daga nan bai da kyau, kuma ba zan shafa masa mai ba don ya rasu. Ya riƙa zuwa ranar hutu yana rage ciyawar. Ba ya nomewa ƙarƙaf, ya san za a gane. Sai ya tuge manyan, ya sassauta wa masara wuya, ya watsa abin da ya tuge bayan waya. Ya yi haka damina guda, ya sake a ta biyu. Malama tana ta awo, tana ta mamakin yadda masarar da ba a yi wa komai ba take neman kamo wadda aka fesa wa magani. Ta zargi maganin, ta zargi famfo, har ta zo ta duba ko a rana nake ajiye jarkokin. Yarinyar ta rame a tsaye. Yana ganinta kullum, yana amsa gaisuwarta, bai taɓa gaya mata gaskiya ba.

Wata ranar hutu ta dawo ɗaukar abin da ta manta, ta same shi tsugune a tsakiyar fegin, da damin tofa a hammata.

"Baba! Kai ne?"

"Kaɗan na rage, 'yata. Abin ne ya yi muni a ido."

"Munin nake nema, Baba! Munin shi ne aikina!"

Ta kai ƙara wurin Darakta. Da tsohon Daraktanmu ne, da an soke gwajin a ranar, an rubuta gaskiya, an sake sabon lale. Wannan kuwa mutum ne mai son hoto. Masu ɗaukar nauyin binciken suna tafe a ƙarshen mako, kuma fegin nan ne za a fara nuna musu. Ya tara mu a ofis, yana kaɗa makullin mota.

"Wanda ya cire ciyawa shi zai mayar da ita."

"Ranka ya daɗe, wannan ba bincike ba ne," in ji Malama.

"Ke, digiri kike so ko wa'azi?"

Ta fita tana kuka. Babu-Haki ya sunkuyar da kai ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Na ga abubuwan ƙyama a wurin aiki, amma ban ga kamar wannan ba. Dattijo mai furfura, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana yaƙi da ciyawa, ga shi a bakin kwata yana haƙo harƙiya da saiwarta, yana lallaɓa ta cikin baro kamar dashen tumatir. Ruwan kwatar baƙi ƙirin, yana wari, ƙudaje suna bin sa. Ya turo baron har fegin, ya dasa, ya yi ban-ruwa safe da yamma. Har taki ya zo nema a wurina don ta kama da wuri. Na ba shi, ban iya kallon fuskarsa ba.

Ranar da baƙin suka zo, Darakta ya sha babbar riga, ya ja su zuwa bakin waya yana bayani da hannu biyu. Ciyawa ta kama, ta yi kore shar. Sai wata dattijuwa cikin baƙin ta tsaya, ta karkata kai, ta koma ƙarshen fegin ta hango shi ta tsawo. Ta tsuguna ta auna tazarar tushe da tushe da tafin hannunta.

"Darakta, wace irin ciyawa ce wannan mai bin layi?"

Hannun Babu-Haki bai san wata shuka ba sai ta igiya. Ya kafa turaku, ya ja igiya, ya jera harƙiya layi-layi, tsakaninsu daidai wa daida, ƙarangiya a nata layin, tofa a nata. Babu wanda ya lura, domin Darakta bai taka wurin ba sai ranar.

Aka soke gwajin. Malama ta tattara kayanta ta koma wata gonar ta fara daga farko, damina biyu sun tafi a banza. Darakta ya ce leburori ne suka yi ba da saninsa ba, kuma ba a jima ba aka ƙara masa girma. Babu-Haki ba a kore shi ba, amma da an kore shi da ya fi masa sauƙi. Tun a ranar, kafin magariba, labarin ya kai tashar mota, ƙanin matarsa ya raɗa masa sabon suna, Mai Dashen Ciyawa. Babu-Haki ya yi fushi, ya yi rantsuwa, ya nome gonarsa ta gida har ƙasa tana ƙyalli. Ko a jikin mutane. Bai ƙara zagayawa da hannu a baya ba, kuma in ya ga ƙarangiya a fegin wani sai ya kawar da kai.

Da ya rasu na tafi ta'aziyya. Unguwar ta canja mini, na tsaya wurin wata mai shago na tambayi gidan Babu-Haki. Ta ce ba ta san shi ba. Na kwatanta mata shi, dogo, mai furfura, tsohon ma'aikacin gonar bincike.

"Au, Mai Dashen Ciyawa kake nufi, Baba? Ai kakan mijina ne. Ga gidan can."