Sunan da Kawu Koci Ya Ƙi Faɗa

Mubi

'Yan gida, ga labarin da kuka dame ni a kai a grup. Ana sallame asuba na saɓi jaka, na yi wa lakcar ranar bai-bai, sai tasha. Ba komai a jakar sai waya, caja, pawa banki biyu na aro da riga ɗaya. Ga wanda bai sani ba: hukumar ƙwallo na neman sabon babban koci na ƙungiyar ƙasa ta 'yan ƙasa da sha bakwai. An tace, an tace, saura mutum uku, ɗaya kuwa Kawu Hammadu ne, yayan mamata. Eh, Kawu Kocinmu dai! Za a yi masa intabiyu ta bidiyo ƙarfe biyu na rana. Matsalar? Wayarsa rakani-kashi ce, ko hoto ba ta ɗauka. Mama ta ce, "Usmanu, yatsun nan naka da ba sa hutawa, yau ga ranar amfaninsu."

Direba ya hango ni. "Ɗalibi, shiga gaba, mota ya cika!" Mu biyu a kujera ɗaya, giya na dukan gwiwata.

Hong zuwa Gombi

A shingen sojoji na Hong jikina ya ɗan yi sanyi. Shekarar gudun hijira ta nan muka bi a ƙasa, hannu sama, ni ina wuyan Kawu, shi kuma riƙe da ƙwallo a leda. Har yau Mama na yi masa gori, wai mutane na ɗaukar garin tuwo shi ƙwallo ya ɗauka. Yanzu soja leƙowa kawai ya yi.

"Me ke jaka?"

"Pawa banki, Oga."

"Ba ni ɗaya mana."

"Oga, aikin ƙasa za su je yi."

Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Nan fa musu ya ɓarke a mota. Wani mai hula a baya ya ce shi dai a kawo Bature, namu ba su iya ba. Na ce kawuna na cikin ukun. Direba ya kalle ni sama da ƙasa. "Kowa kawunsa koci ne. Ni ma kawuna matuƙin jirgi ne, a mafarki." Mota ta ɗauki dariya. Na ce a raina, ba komai, za mu haɗu.

Song

Taya ta yi faci. Wayyo ni! Direba na kwance yana kwance noti kamar mai tsifar kai, ni ina leƙen agogo. Na sayi dakkere da nono wajen wata Goggo, ta ƙara min ludayi guda don na gaishe ta da "Jam na?" Fillancina ke nan kaf, amma ya biya.

Vinikilang

Rana ta take na sauka. Na zata zan tarar da Kawu cikin kwat yana haɗa gumi. Ina! Yana bayan gida yana ba awaki dusa. Na duba waya: netwok sanda ɗaya, ita ma tana rawa. Na ce, "Kawu, a nan ko sallama ba za ta isa Abuja ba." Ya wanke hannu a natse, ya zura babbar riga, muka tare keke. A kan gada na ce wa mai keke ya taka, ya ce, "Guy, in na taka a Binuwai za a yi intabiyun."

Nassarawo, Jimeta

Benen Baa Modu muka hau, ɗan Borno mai shagon yadi, abokin Kawu tun zaman gudu. Netwok fam! Ba abin jingina waya, sai na tsaya gaban Kawu na riƙe ta da hannu biyu.

Mutum uku suka fito: wata Madam shugabar kwamiti, wani mai gilashi, da wani dattijo mai furfura. Kawu ya fara zuba bayani, yadda ake gane shekarun yaro, yadda ake horar da wanda ya zo fili bai karya ba. Ina ta jin daɗi. Sai Madam ta ce, "Koci, faɗa mana ɗan wasa ɗaya da ka raina daga tushe har ya kai babbar ƙungiyar ƙasa."

Na ce shi ke nan, fenariti ba gola! Duk kun san amsa: Bakari Mbamba, wanda ke bugawa a waje. A Abuja sunan filin da ya taso kawai suka sani, ba su san ɗan waye ba. Ɗan farin Kawu ne, abokin wasana. Kuma tunda aka haife shi ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakin Kawu, saboda alkunyar ɗan fari. Ranar da ya ci wa ƙasa ƙwallo unguwa ta tashi, Kawu cewa ya yi a rage ƙarar talabijin.

Kawu ya sunkuyar da kai. "Akwai wani yaro."

"Sunansa?"

"Yaro ne dai... na gidan nan."

Mai gilashi ya girgiza kai ya fara rubutu. Madam ta ce, "Koci, netwok ne?" Baa Modu daga gefe yana raɗa, "Faɗa mana, Hammadu, faɗa!" Kawu ko motsi. Ina kallon aikin ƙasa na zamewa kamar sabulu.

Wallahi ban san lokacin da na juyo da wayar fuskata ba. "Ranki ya daɗe, Bakari Mbamba ne! Ɗan farinsa ne, ko za a yanka shi ba zai faɗa ba!"

"Kai kuma waye?"

"Ni ne mariƙin waya."

Dattijon ya tuntsire da dariya har hularsa ta goce. Madam ba ta yi ba. Ta ce za su nemi Koci, allo ya yi baƙi.

Mbamba

Kawu ya sauka daga benen ya bar ni a baya. Da la'asar ya tare keke zuwa Yola, na bi shi kamar jela. Filin nan na Mbamba, inda ya tara mu lokacin gudu don mu daina firgita da ƙarar ƙofa, yana nan da turakunsa na gora. Ya hura usur, yara suka taru, ko kallona bai yi ba. Tuwo da kifin Binuwai aka yi a gida, amma kamar takarda nake tauna. Na tura wa Bakari labari, ya amso: "Bawana, ka kashe min tsoho. Ka fara neman wani kawun."

Hanyar gida

Na ƙara kwana, ba labari, ga lakca na jira. Na yi sallama, Kawu ya ɗaga hannu kawai. A tasha wa zan gani? Direban nan! "A'a, ɗan gidan koci! An ba ku?" Na shige gaba na zauna.

Muna fita Gombi waya ta fara rawa a aljihu, saƙo kan saƙo. Na duba. Na sake dubawa. Na kurma ihu! Direba ya taka burki, mutanen baya duk suka duƙa, wata mata na salati. Kun san mu da ihu a hanyar nan.

"Me ya faru? Ina suke?"

"An ba shi! Kawuna ne kocin ƙasa!"

Direba ya fizge wayar ya ga hoton Kawu da babbar rigarsa. "Kai! Ashe yaron nan gaskiya take faɗa!" Hon ya dinga dannawa har Hong, sojan ma sai da ya ba ni hannu.

Na kira rakani-kashin Kawu.

"Kawu, barka!"

"Usmanu. Bakinka ba linzami. Amma useko, na gode."

Na ji sanyi har ƙafa. Sai ya ce, "Wancan ya kira ka?"

"Wane wancan, Kawu? Suna da yawa."

"Ka gai da mamarka." Ƙit, ya kashe.

Kafin magariba ina Mubi, Mama na guɗa a ƙofar gida. Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ga Baa Modu da benensa, ga masu pawa banki, gobe ku zo ku karɓa. Kai kuma Wancan, in kana karantawa, ka kira tsoho, yana jira.