Na Nesa Na Gani, Na Kusa Ya Makance

Tun tana ƙarama ake ce mata Don-me, saboda ba a gaya mata abu ta haɗiye shi haka nan. Ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Da 'ya'ya suka kama gabansu, sai ta kewaye filinta na bayan gari ta fara kiwon kaji.

Ƙaninta, mai haɗa wa ofisoshi intanet, shi ya sa mata kyamara a ɗakin 'yan tsaki, ya ajiye rauta, na'urar da ke raba wayifai, a kan kantar magunguna. Daga gida tana ganin tsakin a waya tar. Amma da ta shiga gonar, wayar ta hau wayifai, sai hoton ya ɗauke.

Ta kira shi. Ya ce ta kashe wayifai ta kunna data, ko ta taka ta leƙa, tunda ga kajin a gabanta. Ta ce ba kewar kaji take yi ba, so take ta ji yadda na nesa ke gani, na kusa ya makance.

Dole ya zo. Ya zauna kan buhun dusa ya buɗe kwamfuta, ya ce adireshi iri biyu ne: na waje, wanda duniya ta san gonar da shi, da na cikin gida, wanda rauta ke raba wa na'urori. Wayarta kullum na waje take nema. In tana ciki, saƙon yakan tsaya a rauta, don ba a saita shi ya juyo da shi ba.

"Wato ina tsakar gida, ina sallama a ƙofar waje," in ji ta.

"Kusan haka, Yaya."

Ya lalubo saitin ya kunna, tsaki suka bayyana suna tsattsage. Sannan ya ce gara a ba kyamarar lamba ta dindindin, kada a ɗauke wuta rauta ya sauya mata. Farkon lambar, 192.168.1, ba zai taɓa ba, yana cikin waɗanda aka ware don cikin gida. Ta ƙarshen ce tata, muddin ba ta cikin waɗanda rauta ke rabawa. Ta zaɓi 20. Ta tambaya ko wani bai riga ta ba. Ya ce wataƙila maƙwabcinta ma ita gare shi, kuma ba za su taɓa karo ba, kowa da katangarsa. Wannan ya fi komai burge ta, ta yi ta jinjina kai.

Da ta gina ɗakin masu ƙwai, da kanta ta haɗa kyamara ta biyu, ta ba ta 21. Ta kira ƙanin ne kawai don ta ji abin da ya sa lambar ƙarshen ba ta wuce 254, kamar yadda ta gani a saitin. Ya ce tuƙi yake yi.

"To, sauka gefen titi, Auta. Ina jira."