Mai Tonon Kabarin Alhaji Mudi

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da Hajiya Rabi ta tare ni a ƙofar maƙabarta. Watan Mayu ne, a shekarata ta biyu da kama aiki. Ku da kuka shigo aikin nan bana ba ku san zancen ba, bari ku ji yadda aka yi.

Lokacin ina cikin masu kula da fili a wata babbar maƙabartar ƙaramar hukuma da ke gefen Manchester. Aikinmu yankan ciyawa, gyaran hanyoyi, da cike kabarin da ya lotsa. Sashen Musulmi yana can ƙurya, ya jingina da wani ɗan kurmi da ya bi layin dogo. Da yake ni kaɗai ke jin Hausa a cikin ma'aikata, duk mutumin Arewa da ya zo da damuwa ni yake nema.

Hajiya Rabi daga unguwar Levenshulme take zuwa duk Juma'a. Mijinta, Alhaji Mudi, ya rasu cikin hunturun shekarar, aka binne shi a layin ƙarshe, dab da kurmin. Ɗansu Nazir ya nemi izinin ofis ya dasa wani ɗan icce ta wajen kai.

Ranar ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Malam Sabi'u, zo ka gani da idonka."

Na bi ta. An ɓare ɓawon iccen daga tsayin gwiwa zuwa ƙasa, jikinsa ya yi fari fat, ɓawon na rataye zare-zare. A gindinsa an share ƙasa, an ƙwaƙule wuri kamar faɗin faifai, daidai kan mamacin.

"Karo na uku ke nan," in ji ta. "Nazir ya cike, a dawo a tone. Me ake binnewa a kan Alhaji? Wa ya tsane shi haka?"

Ƙa'idarmu ita ce ba ka taɓa komai. Ka ɗauki hoto ka kai wa shugabar sashe, ita ke yanke ko a kira 'yan sanda. To shugabarmu tana hutu sai Litinin. Na ɗauki hoton, na ba Hajiya haƙuri.

Da yamma Nazir ya kira ni, Hausarsa na karyewa saboda fushi. "Kawu, na san mai yi. Tsohon nan mai ɗan shebur da ke shigowa da an buɗe ƙofa. Gobe zan jira shi."

Na san tsohon. Mista Len muke ce masa, kullum yana kan kabarin matarsa a sashen da ke maƙwabtaka da namu. Na ce, "Nazir, mabuɗi na hannuna. Ka zo bayan asuba mu shiga tare kafin kowa. Amma ba za ka ɗaga wa kowa hannu ba."

Muka shiga gari na fara wayewa. Hazo ya kwanta a kan kaburbura har gwiwa, allunan sunaye kaɗai ke leƙowa. Muka tsuguna bayan ɗakin kayan aiki. Tsuntsaye suna ta kuka, sai kawai suka yi tsit.

Daga cikin kurmin muka ji wata ƙara. Ba haushin kare ba ce, ta fi kama da tarin ƙaton mutum da maƙogwaronsa ya bushe. Aka sake yi, wannan karon ta hagunmu, kusa. Nazir ya damƙe hannuna har na ji farcensa. Ni kuwa duk addu'ar da ta zo bakina karantawa nake.

Sai ga wani abu yana tafiya tsakanin kaburbura. Ba mu ga jiki ba. Kai ne kawai a saman hazo, da gajerun ƙahonni biyu, yana tahowa ba ƙarar sawu. Ya nufi kabarin Alhaji kai tsaye kamar wanda ya san hanya. Ya sunkuyar da kai ya shiga goga ƙaho a jikin iccen, ƙurr, ƙurr, iccen na karkarwa. Ya sa ƙafar gaba ya tone ƙasa. Sannan ya hau kan kabarin ya tsaya, a nan muka ga jikinsa duka: namijin barewa, ja-ja, bai fi bunsuru girma ba. Ya juyo ya zuba mana ido. Bai gudu ba. Kallon da mai gida ke yi wa baƙon da ya shigo ba sallama, shi ya yi mana.

Can wani namijin ya yi irin ƙarar nan daga kurmi. Na kan kabarin ya zabura ya faɗa cikin hazon. Muka ji karon ƙahonni, da huci, da karyewar rassa, sannan shiru. Ba mu ga wanda ya yi nasara ba.

Muna nan tsaye har lokacin buɗe ƙofa ya yi. Mista Len ya shigo da ɗan sheburinsa, ya dube mu ya ce, "Kun gamu da shi ke nan? Furannin matata duk ya cinye. Ba na korarsa, ita ma da tana raye ba za ta kore shi ba." Nazir ya kasa ɗaga kai. Shi ya ɗaukar wa tsohon bokitin ruwa har kabarin matarsa.

Ran Litinin shugabarmu ta ga hoton ta gane nan take. Ta ce irin wannan ƙaramar barewar, da ganye ya gama tohowa kowane namiji yakan yanki yankinsa. Yana goga ƙaho da goshi a ƙananan itatuwa ya bar warinsa, ya tone ƙasa, don wani namijin ya san wuri na da mai shi. Kabarin Alhaji ya faɗo daidai kan iyakar maza biyu ne. Ta sa muka zagaye iccen da raga.

Da Juma'a ta zagayo na zaunar da Hajiya a kan benci na ba ta labari.

"Dabba ce?" ta tambaya. "Ka tabbata ba mutum ba ne?"

"Da idona na gani, Hajiya. Nazir ma ya gani."

Ta dubi kurmin ta fashe da kuka. "Wallahi na ɗauka ko a cikin ƙasa ba a son mu a garin nan," in ji ta. "Sati uku ban runtsa ba."

Tun daga ranar na fahimci cewa ciyawa da shebur ƙaramin ɓangare ne na aikin nan. Wanda ya binne nasa a ƙasar da ba tasa ba, da tsoro yake shigowa ta ƙofar can, ko bai faɗa ba. In ya nuna muku wani abu a kan kabari, kada ku yi masa dariya, kada kuma ku taya shi zargi. Ku je ku tsaya a wurin har ku ga abin da ke zuwa, sannan ku dawo ku faɗa masa da kanku.