Rijiyar da Falalu Ya Nuna

Falalu ɗan kawuna ne, don haka ko da ya zama farfesa ban daina tsokanarsa ba. A ce mutum ya ƙare rayuwarsa yana nazarin yadda dutse ke lanƙwasa da tsagewa a ƙarƙashin ƙasa! Ubansa, Kawu Ɗan Juma, haƙar rijiya ce sana'arsa. Daga Maradun har Dakko an sha ruwan hannunsa.

Shekarar da aka tashe mu saboda dam ɗin Bakolori, muka koma wani tudu mai tsakuwa, mata na shan doguwar tafiya neman ruwa. Sai ga Falalu daga jami'a da digiri sabo fil, da guduma da taswira. Yini guda ya zaga, ya kafa turke, ya ce nan tsagar dutsen ta bi, nan za a sami ruwa.

Mu uku ne a wurin. Kawu ya ɗebi ƙasar, ya murza, ya sansana.

"Falalu, wurin ga babu ruwa. Mu gangara wajen kiryar can."

"Baba, wanga ilimi ne, ba lalube ba."

Kawu ya kama haƙa a wurin turken. Kwana arba'in gari na haƙa, zurfin gaba goma sha takwas, ko danshi babu. Da mutane suka fusata, Kawu ya ce, "Ni na zaɓi wurin, laihina ne." Falalu na tsaye, bai ce uffan ba. Wannan shirun har yau yana min ciwo. Ba a sake kiran Kawu haƙa ba, ya rasu yana tufka igiya a kasuwar Talata Mafara.

Falalu ya yi gaba. Ya auna duwatsun yankinmu kaf, ya zama editan mujallar masana duwatsu. An ce masifaffe ne, duk takardar da aka aiko sai ya tambayi marubucin ko ya taka wurin da ƙafarsa.

Bayan shekara goma sha biyar wani masani ya aiko wa mujallar da bincike, ya kafa misali da busasshiyar rijiyarmu kan yadda masu haƙar gargajiya ke aiki da ka, har da sunan Kawu. Falalu ya zo min da takardar, ya ce:

"In na gyara, duk abokan aikina za su karanta."

Na ce, "Kawu ma gaban gari duka ya faɗi tasa."

Ya buga takardar, ya rubuta a ƙasa cewa edita ne ya zaɓi wurin, mai haƙa ya hana shi bai ji ba. Ya kawo mujallar gida, ya fassara wa jama'a a gindin kiryar nan, inda daga baya aka haƙa aka sami ruwa.

Tsoho Malami, abokin Kawu, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Madalla, Falalu. Amma wanda ya kamata shi ji, shina can maƙabarta."